Farar Gezna a Garejin Jiragen Ƙasa

Kun dai san abokina Injiniya da "zo ka raka ni nan kusa, yanzu za mu dawo." Ranar Asabar ɗin sunan 'yar gidan Liman ce, walima ƙarfe huɗu. Na riga na zuba farar geznata wadda uwargida ta raba dare tana gogewa, na kafa hular nan da aka aiko min daga Maiduguri, sai ga shi a ƙofa da jaka a baya da kyamara a wuya, wai awa biyu kacal. Muka hau jirgin ƙasa daga Sheffield, a nan Ingila, kafin in gama tattare riga in zauna mun isa Chesterfield. A bakin tasha akwai mutum-mutumin George Stephenson, mutumin da ake wa kallon uban jirgin ƙasa, wanda a garin ya rasu a 1848, sai da Injiniya ya tsaya ya gaishe shi. Daga nan bas ta kwashe mu zuwa Barrow Hill.

Wurin tsohon garejin kawunan jirgi ne da aka gina a 1870. Hukumar jiragen ƙasa ta rufe shi a 1991, 'yan sa-kai suka tsaya kai da fata aka fasa rushewa, suka sake buɗe shi a 1998. A tsakiyar ginin akwai wata gadar ƙarfe mai juyawa a cikin rami, layukan dogo 24 sun kewaye ta. Kan jirgi zai hau, a juya shi a hankali har ya saitu da layinsa, ya shige ya kwanta. Irinsa shi kaɗai ya rage yana aiki a duk Birtaniya. Wannan bayani na sha shi a jirgi, na sha shi a bas, na ƙara sha a layin shiga.

Mutanen wurin kuwa sai wanda ya gani. Yawancinsu dattawa ne, rigar ruwa, fulas ɗin shayi, da ɗan littafi a hannu. Mutum zai tsaya gaban kan jirgi ya rubuta lambarsa, ya gyaɗa kai, ya wuce na gaba. Shi ke nan, buƙata ta biya. Ba cacar baki, ba nuna isa, wani ma tun yana ɗan firamare yake wannan rubutu. Ni dai ban ga abin zargi ba, mu da muke kwana musu a kan ƙungiyar ƙwallon da ba ta san da zamanmu a duniya ba.

Injiniya ya ja ni wajen wani shirgegen kan jirgi mai suna Deltic. Guda 22 aka ƙera a 1961 da 1962, shida suka rage. Inji biyu ne a cikinsa, irin waɗanda tun asali aka yi don jiragen ruwan soja, kuma da su ake gudun mil 100 a awa tsakanin Landan da Edinburgh. Da aka tayar da shi, ƙasa ta ɗauki rawa, hayaƙi ya turnuƙe, na waiwaya in ce mu matsa sai na ga idon Injiniya ya ciko. Mutumin da ko ranar da aka sace masa mota a Kaduna bai yi ƙwalla ba.

Kafin in zo kan abin da ya faru, akwai abin da nake so ku riƙe. Tun shigowata ake yaba kayan nan. Wata tsohuwa mai sayar da shayi ta ce ba ta taɓa ganin aiki mai kyau irin na wuyan rigata ba. Wani ya roƙi mu ɗauki hoto tare. Wani yaro ya tambayi uwarsa ko sarki ne. Ku riƙe wannan.

Can aka sanar ta lasifika cewa za a juya wani kan jirgi mai tururi. Jama'a suka ɗungumo ciki. Sai Kawu ya faɗo min a rai, tunda duk ƙarfinsa a reluwe ya ƙare a Zariya, har gobe in ya ji kukan jirgi sai ya duba agogo. Na ce bari in kira shi ta bidiyo ya kashe ƙwarƙwatar ido. Cikin cunkoso hoton sai yankewa yake. Ina ɗaga kai sai ga fili fayau, daidai gaban igiyar da aka gitta, haske na saukowa ta rufi, babu kowa a wurin. Har na yi mamakin yadda Turawa suka bar wuri mai kyau haka suka je suka cushe a baya. Na taka na shiga, na ba jirgin baya don mu fito tare.

Sai na ga sahu uku na masu kyamara a gabana. Na farko sun durƙusa, na biyu a tsaye, na uku a kan ƙananan tsani da suka ɗauko tun daga gida. Kowace kyamara ni take kallo.

Ku gaya min tsakani da Allah. Mutum ya sa gezna, an wuni ana yabonsa, an ce masa sarki, sannan ya ga kyamarori sun saita shi. Me zai ɗauka?

Na ce, "Kawu, ku ɗan dakata, ana ɗaukata hoto ne." Na naɗe hannun riga a kafaɗa, na turo hula gaban goshi, na saki murmushi. Wani a sahun gaba ya ɗaga hannu yana kaɗawa gefe. Na ɗaga masa nawa. Wasu suka biyo shi, hannuwa ko'ina suna kaɗawa. Ganin abin ya karɓu, sai na dunƙule hannu na yi musu jinjina kamar hakimi ranar hawan salla. Na juya hagu don na hagu su samu, na juya dama don kar a ce na yi son kai.

Matsalar ƙasar nan ke nan, ba wanda zai fito ya gaya maka gaskiya. Da a Sabon Gari ne, tun takun farko wani zai daka min tsawa, "Malam, kauce mana!" a wuce wurin. A nan wani ya yi gyaran murya. Wani ya kalli agogo. Wani dattijo a kan tsani ya sauke kyamararsa a hankali, ya lumshe ido, ya ja wani dogon numfashi da har yanzu nake ji a kunnena. Wani kuma ya tattaro duk jarumtarsa ya ce, "Afuwan, yallaɓai, ko za ka iya..." Na tare shi da fara'a, na ce ba komai, ya ɗauki iya son ransa.

Kuma Injiniya yana nan. Sahu na biyu, na huɗu daga hagu, ya ɓoye fuska a bayan kyamara. Na ɗaga murya da Hausa, "Injiniya, na fito kuwa?" Wallahi mutumin nan sai ya waiwaya bayansa yana neman wanda ake kira. Mu biyu ne kaɗai baƙaƙen fata a sashen nan. Mun yi makaranta ɗaya, ni na yi masa babban aboki ranar aurensa.

Daga nan direba ya ja usur.

A cikin rufaffen gini, taku uku daga ƙeyata. Ban san lokacin da ƙafafuna suka bar ƙasa ba. Salatin da na saki sai da ya zagaya layukan nan 24 ya dawo. Hannun rigar da na sha wahalar naɗewa ya warware, na taka bakinta, na yi taga-taga, na kama igiya, igiyar ta biyo ni da sandunanta. Hula kuwa ta yi nata wuri. Ta faɗi a kan gefenta, ta gangara a natse ta gaban sahun farko, kowa na bin ta da ido, ta ɗan yi jinkiri a bakin ramin, sannan ta faɗa. Sanƙon da na daɗe ina rufa wa asiri ya fito fili a ƙarƙashin hasken nan mai kyau na rufi.

Mai juya gadar ya tsayar da ita. Kan jirgi ya tsaya a karkace, bai kai layinsa ba. Wuri ya yi tsit, sai muryar Kawu daga waya, don na ƙure ƙarar tun a cikin cunkoso: "Kai! Lafiya? Ai wannan busar neman hanya ce. Wane sakarai ne ya tsaya wa injin a gaba?"

Na ce, "Kawu, zan sake kira."

Ya ce, "A'a, nuna min shi."

Wani ɗan sa-kai mai rigar lemo ya je ya ɗauko doguwar sandar ƙarfe da ake tona wutar injin da ita, ya zura, ya soko hular, ya ɗago ta sama, ya tako da ita gabana a hankali kowa na kallo. Gefe guda ta sha baƙin mai. Wani ya fara tafi, mutum biyar ko shida suka taya shi, suka ga bai dace ba suka daina. Na karɓa na yi godiya. Ina ƙoƙarin sulalewa yaron nan da ya ce sarki ne ya nuna bayana yana dariya. Ashe in injin tururi ya yi numfashi, bututunsa na feso ruwa haɗe da tokar kwal, kuma duk tsawon jinjinar nan a kaina yake sauka. Daga kafaɗa har ƙasa, ɗigo-ɗigo.

Amma wanda ya fi tsaya min a rai dattijon nan ne mai tsani. Na lallaɓa wurin mai shayi in huce, sai ga shi da tsaninsa a hammata. Bai yi faɗa ba, da ya yi ma da ya fi min sauƙi. Ya zauna, ya ce tun asuba ya baro gida don ya kama wannan gurbin, don hasken nan ɗan lokaci kaɗan yake faɗowa daidai kan gadar. Ya juyo min kyamara yana nuna min hotuna ɗaya bayan ɗaya. Ni ina murmushi. Ni ina jinjina. Ni a sama. Na jirgin, bututu kawai ya fito, daidai saman kaina. Bai ce komai ba, danna gaba kawai yake.

Sai ya tambayi daga ina nake. Na ce Najeriya, Zariya. Nan take fuskarsa ta canza. Wai Zariya? Inda ƙaramin layin Bauchi ya tashi? Ya ce layi ne siriri, faɗinsa ƙafa 2 da inci 6, an shimfiɗa shi zuwa tudun Jos don kwaso kuza, aka rufe shi a 1957. Ko akwai sauran alamarsa? Ni da na tashi ina tsallake digar jirgi kullum zuwa makaranta, na ce eh to, akwai ciyawa. Bai karaya ba. Ya ce jirgi ya isa Kano a 1911, tsohon layinmu ƙafa 3 da inci 6 ne, na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 kuwa ƙafa 4 da inci 8 da rabi, ma'aunin Stephenson ɗin da muka gaisar da safe. Ya ce masana'antar Vulcan Foundry da ta ƙera Deltic ɗin can, ita ta ƙera wa Najeriya injinan tururi masu sunayen koguna. Mutumin nan ko filin jirgin saman Legas bai taɓa takawa ba. Yana wannan bayani yana cin biskit ɗina, ɗaya bayan ɗaya, ba tare da ya duba na wane ne ba.

Ana cikin haka Kawu ya sake kira. Tsautsayi ya sa na ce wa dattijon ai tsohon ma'aikacin reluwe ne. Ya miƙo hannu. Ashe Kawu na da wani Turanci da ya adana tun zamanin aiki, ban taɓa jin sa ba sai ranar. Suka shiga hirar birki da sigina da tashar Kafanchan, suna ƙyaƙyata dariya, ni ina zaune da hula a cinya ina kallon datata na ƙonewa. Na tabbata a tsakiyar hirar na ji Kawu ya ce masa yaron tun yana ƙarami haka yake.

Da zai tafi ya buɗe ɗan littafinsa, ya rubuta lambar injin da lokaci, ya ɗago ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ƙara wata kalma ɗaya a gefe, ya rufe. Na leƙa ban iya karantawa ba. Kalmar nan gajera ce. Na ba da abin da zan iya bayarwa in san mece ce.

Walima sai bayan magariba muka isa, shinkafa ta rage, nama ya ƙare, Liman ya dubi rigata ya ce Allah ya kiyaye gaba bai tambayi komai ba, wanda ke nufin hoton ya riga ni zuwa. Uwargida har yau ba ta ce uffan ba, ta dai ajiye rigar a kan kujera inda zan riƙa ganinta. Kawu kuwa duk kiran da zai yi sai ya ce in gaida abokinsa Bature. Injiniya ya ce akwai wani taron a Crewe, wai wannan karon in sa wando da riga.

Af, Injiniya, shayi da burodin da ka ci a wurin ni na biya.