Fulawar Uwargida da Katin ATM

Wata fulawa ce mai ƙananan ganye uwargida ta sayo wajen masu sayar da shuke-shuke a bakin titi a Kaduna, irin wadda ke lulluɓe katangun gidajen Abuja. Mai sayarwar ya ce dangin ɓaure ce, asalinta ƙasar Sin. Bai faɗa mata cewa ba ta san iyaka ba. Damina biyu kacal ta cinye katanga, ta haye bango, ta kama farin silin roba na PVC da ke ƙarƙashin bakin kwano.

Kowa yabawa yake, har ranar da mai gadi ya rantse ya ga wutsiyar wani abu ta shige ciki. Ni na ce ƙadangare ne. Uwargida ta ce, "Baban Abba, ko ƙadangaren Makka ne, yau fulawar nan za ta bar gidan nan."

Cirewa ba wuya, ina ja tana biyo ni. Sai da na ɗaga kai na ga aikin: dubban ƙananan saiwoyi sun maƙale a jikin robar kamar ƙudaje a kan tiren mai rake. Ashe wannan shuka ba naɗewa take yi irin na soso ko kabewa ba, saiwoyinta wani ƙaro suke fitarwa, ya bushe ya riƙe gam.

Nan fa unguwa ta cika da masana. Mai gadi ya kawo soson ƙarfe na wanke tukunya. Saiwoyin sun fita, amma robar ta karce, ga shi lokacin hunturu, kafin la'asar ƙura ta zauna cikin kowane zane, wajen ya koma ruwan ƙasa. Maƙwabcina, wanda bai taɓa riƙe buroshin fenti ba, ya leƙo ta katanga ya ce, "Malam, tina za ka sa, yanzu-yanzu." Na sa. Tina kuwa, wato ruwan da ake tsinka fenti da shi, cin roba take: sheƙin ya mutu, wajen ya yi danƙo, tsumman ma sai da na ɓamɓaro shi. Ko da na waiwaya, mai shawarar ya tafi masallaci, alhali ba a kira salla ba.

Hajiya, surukata, na zaune kan tabarma tana kallo tun safe. Sai ta ce, "Wai kai ɗan nan, ruwan ɗumi da omo sun ƙare a garin ne? Ka jiƙa, ka bar shi ya sha, ka kankare da abin da bai fi robar ƙarfi ba."

Haka aka yi. Ina kan tsani, kai a sama, ruwan kumfa na bin hannun riga yana gangarowa har hammata, Abba na riƙe da tsani da hannu ɗaya, ɗayan yana latsa waya. Na aike shi ya ɗauko tsohon katin ATM a durowa. Da shi na bi saiwoyin a hankali, suna saki salin-alin, sai ɗan tabo da buroshi mai laushi ya ƙarasa.

Washegari uwargida ta je cire kuɗin cefane. Mai POS ya jujjuya katin, gefensa duk ya cinye, ya dube ta ya ce, "Hajiya, ɓera ne a gidanku?"

Nata ne. Sabo.