Ku daina liƙe fitilar mota da silikon

'Yan uwa masu mota a Jidda, musamman ku masu jigilar dare zuwa Makka, da yawa daga cikin fitilun gaba da ke lalacewa a garin nan ba danshin teku ne ya kashe su ba, hannun masu gyara ne.

Kowa ya san laimar Jidda. Mutum ya fito da asuba ya tarar cikin gilashin fitila ya yi gumi, sai ya garzaya sana'iyya, unguwar masu gyaran mota, can wani ya ɗauko silikon ya bi duk wata kafa ya liƙe, ya karɓi riyalolinsa. Alhali kamfani da gangan ya bar ƙananan ƙofofin iska a bayan fitilar, galibi da ɗan lanƙwasasshen bututun roba. Ƙwan fitila na ɗaukar zafi iska ta fita, yana hucewa ta dawo. Ka toshe su, ka kulle danshin a ciki ke nan, kullum ya dafu ya koma gilashi, har azurfar da ke harba haske ta dusashe.

Gumin da ke ɓacewa in an kunna fitila ko rana ta buge shi ba ciwo ba ne, a ƙyale shi. Wanda ke gangarowa ɗigo-ɗigo har ruwa ya kwanta a ƙasa, wannan kam akwai ɓaraka. A fara duba murfin roba na baya, don sau da yawa an canza ƙwai ne ba a mayar da shi daidai ba. Sai tsagewa, sai bakin da gilashi ya haɗu da jikin fitila. A cire ƙwan, a bar ta ta bushe sarai a rana, a kakkaɓe ƙurar da ta cushe ƙofofin iskar, sannan a liƙe inda ke yoyo kaɗai. Yaran wanki kuma a hana su ɗora bakin tiyo mai ƙarfi kan fitila tana da zafi.

Ƙwai in yana yawan mutuwa, ba wai kullum jabu aka sayar maka ba. Ƙwayaye masu zare irin H4 da H7 ba sa son yatsa: maiƙon hannu ya zauna a gilashinsu, wurin ya fi ko'ina zafi, kwanansa ya ƙare da wuri. A sa mai lantarki ya auna dinamo inji na aiki. Daidai shi ne bolt 13.5 zuwa 14.5, ya haura 15 to shi ke cin ƙwayayenka. Masu cire na wat 55 su sa na 100 kuwa, su leƙa soket ɗinsu, za su ga ya yi baƙi ya narke.

Abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya shi ne ƙwan LED ɗin nan mai fanka a gindi da ake cusa wa tsofaffin Camry da Accent. Murfi ya ƙi rufuwa, sai a yanke shi ko a jefar, ƙura da danshi su samu ƙofa a buɗe. Kuma fitilar don ƙwai mai zare aka ƙera ta, hasken sai ya watsu sama ya kashe idon mai tahowa, kai kanka titin ba ka gani sosai. Ranar fahas, wato binciken lafiyar mota na hukuma, kuma ka tsaya kana roƙon Allah.

In azurfar ta riga ta mutu, kar ka wahalar da aljihunka da sabon ƙwai. Ka je tashlihi, inda ake sayar da kayan motocin da aka kwance, ka nemi fitila ta asali, ka duba kunnuwanta ba karaya, murfi da bututun iskarta suna nan, kuma a saita maka ita a jikin bango kafin ka hau titi.