Kwaɗo ne ke kashe tsofaffin gidajen Accra

Da zarar damina ta kawo kai a Accra, sai a tayar da tsohuwar magana: tsofaffin benayen tsakiyar gari haɗari ne, a rushe su kafin su danne jama'a. Ma'aikatan AMA, hukumar birnin Accra, su fito da jan fenti su yi wa bango alama, masu kiran waya a gidajen rediyo su yi ta kururuwar a kawo katafila. Ban taɓa jin an tambayi wanda ya garƙama wa gidan kwaɗo ya tafi ba. An bar jaki ana dukan taiki.

Ka bi High Street daga Ussher Fort zuwa hasumiyar Jamestown, ka ɗaga kai. A ƙasa shago ne, ciniki na tafiya. A sama tagogin katako a rufe, baranda ta karkace, wata bishiya ta tsiro daga tsagar bango har ta yi rassa. Yadda abin ke farawa ba wani abin mamaki ba ne. Iska ta ɗage fallen kwano ɗaya. Da akwai mai kwana a ɗakin, kafin la'asar ya kira kafinta. Tunda babu kowa, ruwa ya yi ta zuba a kan katakon rufi damina bayan damina, gara ta shiga, gishirin teku ya cinye ƙarfen. Bayan shekaru sai a ce gini ya tsufa. Wasu daga cikin gine-ginen nan girgizar ƙasa ta 1939 ta same su ta bar su a tsaye. Benen kantin Melcom da ya rufta a Achimota a watan Nuwamban 2012, ya kashe mutum 14, sabon gini ne.

Su wa ke kulle su? Yawanci gidajen gado ne. Magada sun yi yawa, wani yana Landan, wani yana Kumasi, shari'a tana kotu tun kafin a haifi jikoki, kuma babu mai yarda ya sa sidi ɗaya a gidan da bai tabbatar zai zama nasa ba. Waɗannan ana iya yi musu uzuri. Akwai kuma waɗanda da gangan suke yi, domin filin ya fi gidan kuɗi nesa ba kusa ba. Jira suke bango ya tsage, hukuma ta zo ta rushe musu, su sayar wa mai gina shaguna. Duk mai kiran a kawo katafila, ko ya sani ko bai sani ba, aikin waɗannan yake yi musu kyauta.

Mu mutanen zango ba sai an ba mu labarin abin da ke biyo bayan rusau ba. A 1979 sojoji suka baje kasuwar Makola. Babban masallacin da iyayenmu ke sallar Juma'a a wannan yanki shi ma bai tsira ba a zamanin mulkin Jerry Rawlings, aka koma unguwar Abossey Okai. Me aka samu a wurin da aka rushe? Filin ajiye motoci.

Ita kanta gwamnati ba ta da bakin yi wa kowa faɗa. James Fort, wanda Turawan Ingila suka gina a 1673, nan aka tsare Kwame Nkrumah har zuwa 1951 da aka fito da shi ya jagoranci gwamnati. Ginin yana cikin jerin wuraren tarihi na duniya na UNESCO tun 1979. An kwashe fursunoni a 2008, kuma tun daga nan ginin ke lalacewa a hannun hukuma. Abin kunya ne a ce lokacin da yake kurkuku ya fi samun mai duba rufinsa.

Masu son a mayar da kowane tsohon gida gidan tarihi domin baƙi su ɗauki hoto, su ma ban ga inda za su kai mu ba. Fentin mako guda na bikin zane-zanen titi na Chale Wote ba ya toshe yoyo.

Mutane ginin ke bukata, kuma mutanen suna nan birjik. Kayaye, mata 'yan dako, na kwana a bakin shaguna a Tudu da Okaishie, ruwa na dukansu, a ƙarƙashin ɗakunan da ke kulle. Saurayi a Nima ko Sabon Zongo sai ya tara kuɗin hayar shekara biyu kafin a ba shi makulli, alhali dokar haya ta 1963 ba ta yarda a karɓi fiye da na wata shida ba. Teloli da masu dinkin takalma na neman wurin zama kusa da kasuwa ba su samu ba.

Don haka a daina shafa jan fenti, a fara aika takardar haraji. Gidan da ya shekara biyu a kulle a tsakiyar gari, a ninka wa masu shi haraji, a ci gaba da ninkawa kowace shekara. Inda magada suka kasa sasantawa, hukuma ta karɓi riƙon gidan, ta gyara rufin, ta ba da haya, ta cire abin da ta kashe, ta ajiye musu sauran har ranar da alƙali zai yanke hukunci. Wanda ya ga an taɓa masa gado, ya zo da kafintansa ya buɗe ƙofar da kansa.