Zakin Yankari ba yaronka ba ne

To, na ga bidiyon nan da kuke ta turo min tun daren jiya. Na kalle shi har ƙarshe, har inda bawan Allah ya juyo da kyamara kan fuskarsa yana rantsuwa wai an cuce shi, ya kwashi iyali zuwa Yankari, gandun namun dajin nan na jihar Bauchi, ya biya kuɗin shiga, ya biya na mota, bai ga zaki ba. Wai a dawo masa da kuɗinsa. Ga jama'a kuma a ƙasa ana ta ba shi gaskiya. Ikon Allah.

Ranka ya daɗe, zakin nan yaronka ne? Kai ke biyansa albashi? Ko sai da kuka yi waya ya ce maka zai tsaya bakin hanya da ƙarfe ɗaya na rana, ya gyara gashin wuya, ka ɗauke shi hoto? Daji ka je fa. In dabbar da ke jiran baƙi kake so, ga gidan zoo na Audu Bako nan a Kano, ka sayi tikiti, ka ga zaki a bayan ƙarfe, ka sha lemo ka koma gida. Babu wanda zai ce ka yi laifi.

Abin da ya fi ba ni haushi, bidiyon da kansa shi ya tona masa asiri. Ku sake kallo. Cikin Agusta ya je, tsakiyar damina, ciyawa ta fi mutum tsawo. Ruwa ya kwanta a kowane kwari, to me zai kawo dabba bakin kogi? Duk wanda ya taɓa zuwa ya san da rani ake ganin namun Yankari, musamman daga Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin da ko'ina ya bushe, ƙishi ya tilasta musu gangarowa kogin Gaji. Sannan da rana tsaka ya fita, lokacin da ko akuyar gidanku tana ƙarƙashin inuwa. Sannan, kuma wannan shi ne ya ƙarasa ni, ana jin kiɗa na tashi a cikin motar, wani yaro na buga jarka. Kun shiga gidan manyan dawa da kiɗan biki, kuma kuna mamakin masu gida sun ƙi fitowa.

Daji ne. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200. Daga ƙofar Mainamaji kaɗai zuwa sansanin Wikki sai ka ci sama da kilomita 40 a cikin kurmi. Kai kuma ka zagaya ɗan lungu na awa biyu ka yanke hukunci wai babu komai a ciki. Kamar mutum ne ya leƙa Kantin Kwari ta ƙofa ɗaya ya ce babu shadda a Kano.

Na san abin da za ku ce, don na riga na gani a ƙasan bidiyon. "Ai a Kenya da Tanzaniya ana gani." Ana gani mana. Masai Mara da Serengeti fili ne fetal, gajeriyar ciyawa, ka hango dabba tun daga nesa, ga motoci rututu direbobi na sanar da juna ta rediyo inda zaki ya kwanta. Namu dajin itatuwa ne da dogon gamba. Kuma ku je ku tambayi nawa ake kashewa a je can, sannan ku dawo mu yi maganar wanda aka cuta. Wani kuma ya ce ai ƙarya ce, zakunan sun ƙare tuntuni. Ba su da yawa, wannan gaskiya ne. Binciken da aka fitar a 2014 ya ƙiyasta duk zakunan Afirka ta Yamma kusan 400 ne kacal, mafi yawansu a dazukan da suka haɗa Nijar da Benin da Burkina Faso, kuma a Najeriya wuri biyu kawai aka tabbatar da su, Yankari da Kainji. To wa ya cinye su? Baƙi ne suka zo daga Turai suka zuba guba a mushen saniya? Mu ne. Mun kashe, mun cinye abincinsu da sunan naman daji, mun kora shanu cikin gandun, yanzu kuma mun zo da waya a hannu muna neman a fito mana da su.

Bari in ajiye wasa. Ni sau uku na je Yankari, ban taɓa ganin zaki ba. Ko sau ɗaya. Amma a zuwana na biyu, cikin Maris, mun fita da sassafe, sanyi-sanyi, jagoranmu wani dattijo mai ƙarancin magana ya ɗaga hannu direba ya kashe mota. Ya nuna mana kashin giwa a kan hanya, ɗanye, har tururi yake. Ya ce, "Ku yi shiru, Alhaji, suna kusa." Muka zauna. Minti goma, sha biyar. Ɗiyata ta fara ƙosawa, na riƙe hannunta. Can sai muka ji reshe ya karye, ƙas, sannan wani. Giwaye suka keto ta gabanmu, na ƙirga tara kafin in daina ƙirga, da wata 'yar ƙarama tana tuntuɓe tsakanin ƙafafun uwarta. Dabba mai wannan girma, amma ba ka jin takunta. Wallahi jikina sai da ya yi sanyi, na samu kaina ina tasbihi ban sani ba. Wannan garken yana cikin 'yan kaɗan da suka rage a ƙasar nan gaba ɗaya. Jiran minti goma sha biyar ya ba ni shi. Da mun kunna kiɗa da sai dai mu dawo da labarin kashi.

Kuma ko giwar ba ta fito ba, ina idonku yake? Bauna, gwanki, kanki, gwambaza, mazo, dorina da kada a bakin ruwa, tsuntsaye sama da iri 350. Ga kogwannin Marshall, waɗanda mutanen zamanin da suka sassaƙa a jikin dutse. Ga rijiyoyin Dukkey. Ga ruwan Wikki da ke ɓulɓulowa daga ƙarƙashin dutse, garau kana ganin yashin ƙasa, ɗuminsa digiri 31 dare da rana, rani da damina. Mutumin nan ya yi wanka a ciki, na gani a bidiyon, 'ya'yansa na ta dariya. Amma wai an cuce shi. Tun 1956 aka keɓe wurin nan, aka buɗe wa jama'a a 1962, ya zama gandun ƙasa a 1991, ya koma hannun jihar Bauchi a 2006. Masu gadinsa suna kwana a daji suna arangama da mafarauta masu bindiga don dabbobin su kai gobe. Duk wannan bai kai ya ambata ba, sai zakin da bai zo gaishe shi ba.

Daji ne, jama'a. Ba ya bin ka bashi, kai ma ba ka bin sa.

Af, tunda an zo maganar, ku daina miƙa wa gwaggon birin Wikki abinci. Ku kuka lalata su. Yanzu har ƙofar ɗaki suke murɗawa. A zuwana na ƙarshe na tsaya a Bauchi na sayi masa mai zafi, da ƙuli da yaji, na ajiye a kan mota in ɗaure takalmi. Ina ɗagowa na ga wani ƙato a kan reshe yana kwance ledar a tsanake, yana kallona ido cikin ido. Yajin ma bai bar min ba. Wai don Allah masar Bauchi me suke sa mata ne da tamu ta Kano ba ta yin wannan laushin?