Ba Motar Rimot Ba Ce

A teburin mai shayi a ƙauyukan Gumel, in aka ga bidiyon dattawan Turawa suna tseren ƙananan motoci a waya, sai a ce motar rimot ce, wasan yara. A'a. Wannan, da Turawa ke kira slot car, ba batir a cikinta, ba sitiyari. Titinta tsaga gare shi, wani ɗan haƙori a ƙasan motar yake bi, siraran ƙarafa biyu a gefen tsagar ke ba ta wuta. Gudu kaɗai direba ke sarrafawa, da yatsa ɗaya. Ka matsa da yawa a kwana, ta wuntsila, abokin karawa ya wuce. Tun 1957 aka fara fitar da irin waɗannan motoci masu suna Scalextric a Ingila, kuma magidanta na tara su, suna canza taya da inji.