Daidaito a gaban doka: daga ina ya fara, a ina ya tsaya?

Da wuya ka buɗe kundin tsarin mulkin wata ƙasa ba ka iske layin da ke cewa kowa daidai yake a gaban doka ba. Rubuta shi ba ya cin tawada mai yawa. Rigimar tana tashi ne ranar da mutum ya tsaya gaban alƙali ya ce: to, a nuna mini.

A 1892 Homer Plessy, wanda doka ke ɗauka a matsayin baƙar fata, ya hau jirgin ƙasa a jihar Luwiziyana ta Amurka, ya nemi wuri a taragon fararen fata ya zauna, aka kama shi. A lokacin, gyara na 14 na kundin ƙasar, mai alkawarin kariya iri ɗaya ga kowa, ya shekara 24 da kafuwa. Duk da haka a 1896 Kotun Ƙoli ta ce raba taragai ba laifi ba ne muddin kowane ɓangare yana da nasa. Alƙali ɗaya tak, John Marshall Harlan, ya ƙi yarda. Sai a 1954, a shari'ar Brown, kotun ta lashe amanta kan raba makarantun baƙaƙe da na farare. Ko wasali ba a sauya ba a gyara na 14. Masu karanta shi ne suka sauya.

Ni a ganina, daidaito ba ya nufin a auna kowa da ma'auni ɗaya, domin yatsun hannu ma ba su zo ɗaya ba. Doka kullum cikin bambantawa take: yaro ba ya jefa ƙuri'a, mai babban samu ya fi biyan haraji, kuma babu mai kai ƙara a kan haka. Abin da kundin ya ɗora wa hukuma shi ne, duk inda ta ja layi tsakanin mutum da mutum, ta kawo dalilin da zai iya tsayuwa a kotu. Idan layin ya bi ta kan launin fata, jinsi, addini ko asali, dalilin sai ya yi nauyi ƙwarai.

A nan gwamnatin Botsuwana ta sha ƙasa a hannun Unity Dow, lauyar da a lokacin ke auren Ba'amurke. Dokar ƙasar ta bar namiji ya gadar wa 'ya'yansa zama ɗan ƙasa ko wa ya aura, ta hana mace. Biyu daga cikin 'ya'yan da ta haifa, a ƙasarta, suka zama baƙi. A 1992 kotun ɗaukaka ƙara ta ba ta gaskiya.

Inda ake kai ruwa rana shi ne fifita waɗanda tarihi ya danne. Indiya tana ware musu gurabe a makarantu da aikin gwamnati, ko da yake a 1992 Kotun Ƙolinta ta ce kada a wuce kashi 50 cikin 100. Kundin Afirka ta Kudu na 1996 ya halatta irin wannan mataki ƙarara a sashe na 9. Amurka kuwa a 2023 ta haramta duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai a jami'o'i. Na fi karkata ga matsayin Indiya da Afirka ta Kudu: wanda aka ɗaure wa ƙafa shekaru aru-aru, kwance igiyar kawai ba ya sa ya kamo waɗanda suka yi nisa. Amma masu suka suna da abin faɗa, don sau da yawa masu hannu da shuni na cikin rukunin ne ke kwashe guraben.

Iyakar da ta fi ci mini tuwo a ƙwarya ita ce talauci. A 1968 iyaye daga wata unguwar talakawa a San Antoniyo ta jihar Teksas suka koka cewa makarantun 'ya'yansu na samun kuɗi kaɗan saboda harajin gidaje ake dogaro da shi. A 1973 alƙalai 5 cikin 9 na Kotun Ƙolin Amurka suka ce kundin bai hana haka ba. Hukuncin na nan har yau.