Masu hoto da Baba Malam

Akwai wani a garin nan na Kumasi da yake yawo yana cewa wai na manne wa tsoho ne don in gaji akwatin takardunsa. Zancen ya iso ni. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne ya isa kunnen Baba Malam har zaurensa a Aboabo, dattijon da idonsa ya yi rauni, wanda bai taɓa rufe wa kowa ƙofa ba.

To bari in faɗa wa mai zancen abin da ke cikin akwatin, tunda bai taɓa zama har a buɗe shi ba. Waƙoƙi ne na ajami, tawadar wasu ta koɗe, gara ta ci gefen wasu. A ciki akwai waƙar talauci da wadata ta Alhaji Umaru Karachi, wanda aka haifa a Kano, ya zauna a Salaga har yaƙin 1892 ya watsa garin, ya rasu a Karachi ta nan Ghana, wato Kete-Krachi, a 1934. Baba da hannunsa ya kwafe ta yana saurayi. Irin waɗannan takardu ana tara su a jami'ar Legon tun shekarun 1960, mai so ya je ya gani. Babu abin rububi a nan.

Abin da nake kwasa a zauren nan gyara ne, kuma gyara da ciwo. In na kai baiti sai ya sa ni in rera da ƙarfi, shi kuma yana buga tabarma da yatsa yana bin kari. Da yatsan ya tsaya na san an samu matsala. Sai ya ce, "Ɗana, ƙafar nan ta karye, koma." Wani lokaci ɗango ɗaya ne zai cinye mana yamma har a kira magariba, shayi ya huce ba wanda ya taɓa. Yanzu ni nake karanta masa nasa rubutun, in na yi tuntuɓe ya ɗora daga ka.

Wani kuwa sau ɗaya aka ce masa ya koma, tun ranar ba a sake ganin takardarsa ba. Sai ranar Sallah ya iso da sabuwar shadda, ya durƙusa daidai tsawon ɗaukar hoto, kafin dare an liƙa a Facebook: "Ni da ubangidana." Ranar da ake neman wanda zai riƙe wa Baba hannu zuwa asibitin ido, wayar a kashe take. Mai kaza a aljihu dai ba ya jimirin as, ni ban kira suna ba.

Kuma wallahi har yau Baba yana tambaya ko yaron nan ya gyara baitinsa. Bayan la'asar muke zama. Mai son gado ya zo da takardarsa da alƙalami, ya bar waya a aljihu.